Littafin aikin jirgina na balsa, da yadda wutsiyarsa ta bauɗe

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Yau na gama haɗa kayan aiki. Jirgin da zan kwaikwaya shi ne Piper J-3 Cub, ɗan ƙaramin jirgin nan na Amurka mai launin rawaya da baƙin zanen walƙiya a gefe, wanda aka fara ƙerawa a 1938. Na gaskiyar, faɗin fukafukansa mita 10 ne da santimita 74, mutum biyu yake ɗauka, ɗaya a bayan ɗaya, kuma jikinsa bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da yadi. Nawa santimita 61 ne daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike, tsawonsa wajen santimita 39, roba ce za ta juya masa farfela. Na zaɓe shi ne don gangar jikinsa kusan akwati ce: dogayen sanduna huɗu daga hanci zuwa wutsiya, waɗanda nake kira azara, sai gajeru a tsaye da gajeru a gicciye.

Duk wanda ya tashi a Zariya ya saba ɗaga kai. Tun 1964 akwai kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a garin, jiragenta kuma ba sa barin sararinmu. Muna yara da totuwar kara da ɓawonsa muke ƙera namu, mu riƙe a hannu mu yi ta gudu. Tun lokacin nake son in yi wanda zai tashi da kansa.

Balsar, wato itace maras nauyi da zan yi jirgin da shi, na same ta a wani shago da ke sayar wa ɗaliban zanen gine-gine kayan aiki. Allo biyu masu kaurin milimita 2, naira 7,000. Allo ɗaya mai milimita 1, naira 3,000. Kowanne santimita 10 ne a faɗi, 50 a tsawo. Farin gam na kafinta 1,500, supa gulu biyu 600, reza 500, fil ɗin tela 700, guntun silin mai taushi da zan riƙa kafa fil a kai 1,500, buga taswirar jirgin 400. Jimla naira 15,200.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na shimfiɗa taswira a kan silin, na rufe da farar leda don kada gam ya kama takarda. Na yanko azara biyu daga allon farko, milimita 2 ta kowane ɓangare, na haɗa gefen hagu. Fil ba a huda sanda da shi, a gefe da gefe ake kafa shi ya tokare ta.

Wajen yanko ta uku reza ta bi jijiyar itacen ta kauce, bakin allon ya lalace. Maimakon in tsaya gyara bakin, sai na ɗauko allo na biyu na yanko azarar gefen dama. Na sa leda a kan gefen hagu na gina na dama a samansa, yadda masu wannan aiki suke yi don gefunan su fito iri ɗaya.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na raba su da reza, na goga samfefa. Da na haɗa su baki da baki babu wanda ya fi wani ko da gashi ɗaya.

Asabar, 26 ga Oktoba

Tun farkon mako babu wuta, da rana kawai nake samun yin aiki. Na haɗa gefuna biyu a wajen mazaunin matuƙi da gicciye shida, na gwada da sikwaya. Da gam ya bushe na matse wutsiya da yatsu biyu, na ɗiga supa gulu. Sauran gicciyen na baya na sa su da farin gam, ban da biyu na ƙasa da na ɗiga musu supa gulu don magariba ta gabato. A hannu na yi duk wannan, a kan cinyata, ban mayar da shi kan taswira ba.

Laraba, 30 ga Oktoba

Autana ne ya fara gani. Ya ɗauka ya kai ido kamar mai saitin gwafa, ya ce, "Abba, jelarsa tana kallon can." Na karɓa na duba daga baya zuwa hanci, gabana ya faɗi. Na ɗora shi a kan zanen sama na taswira, hanci da mazaunin matuƙi suka hau layin tsakiya daidai, wutsiya kuwa ta tafi hagu da milimita 6. A jirgin da bai kai santimita 40 ba wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga abin da ya sa ba zan iya kawar da kai ba. Tsayayyen fiffiken wutsiya a kan wannan ɓangare zai zauna, idan kuwa ya zauna a karkace, daidai yake da matuƙin da ya danne fedar hagu bai ɗaga ba. Sannan farfelar roba, in kana kallo daga baya, dama take juyawa, ƙarfin juyin kuma yana kishingiɗar da jirgin zuwa hagu. Abu biyu ke nan suna ja wuri ɗaya. Ana sakinsa zai karkata hagu, ya yi ta ƙanƙance da'ira har hanci ya caki ƙasa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na gwada tururi. Zafi da danshi suna sassauta sinadarin da ke riƙe zaruruwan itace da juna, sai ya yarda ya lanƙwasu, in ya huce ya bushe ya tsaya a inda aka bar shi. Na ɗora butar shayi a kan risho, da ta tafasa na riƙe bayan jirgin tazarar taƙi ɗaya daga bakin butar, ina jujjuyawa kamar daƙiƙa 40. Na janye, na tanƙwara wutsiya zuwa dama har ta ɗan wuce layi, na riƙe har ya yi sanyi. Da na ɗora a taswira ya hau layi cif. Na tokare shi da fil na bar shi ya kwana.

Talata, 5 ga Nuwamba

Ya koma. Milimita 4 zuwa hagu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Daren yau na yi ɓarna, zan rubuta ta dalla-dalla don kada in maimaita.

Na ɗauka tururin farko bai ratsa ba ne, sai na ce bari in daɗe. Na matso da jirgin kusa da bakin buta, na bar shi fiye da minti biyu. Ban tuna cewa farin gam ba ya jure zafi da ruwa ba. Ina kallo mahaɗan suka koma fari fat kamar yanzu aka shafa, ina fara tanƙwarawa gicciye uku na sama suka zame, ɗaya ya faɗa cikin butar. Da suka fita babu abin da ke riƙe da faɗin akwatin, duk ƙarfin hannuna ya taru a wuri ɗaya. Azarar dama ta ƙasa ta lotsa daidai gefen inda na ɗiga supa gulu. Supa gulu yana shiga cikin balsa ya ƙandare ta, wurin ya zama kamar ƙashi, dab da shi kuma itace ne mai laushi da ya sha tururi. A kan iyakar nan ta karye. Ba ta rabu biyu ba, amma ta yi gwiwa, kuma sandar da ta yi gwiwa ba ta sake ɗaukar nauyi.

Na daɗe a zaune ina kallonsa. Aikin mako uku ke nan. Uwargida ta shigo ta kashe risho, ta ce, "Abban yara, ka bar shi haka sai da safe." Na sa shi a kwalin takalmi.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na kai wa Baba kafinta na bakin layinmu. Shekarunsa sun ja, bai taɓa riƙe balsa ba, ya yi ta juya ta yana mamakin rashin nauyinta. Bai kalli wutsiyar ba ma. Ya sa babban yatsa ya danna azarar hagu, ya danna ta dama, ya sake dannawa. Ya ce, "Malam, waɗannan ba daga itace ɗaya suka fito ba."

Na ce, "Baba, shago ɗaya na saya, rana ɗaya, kauri ɗaya."

Ya ce, "To ai ka ɗaura sa da jaki a garma ɗaya. Kunya ba za ta miƙe ba."

Ya ɗauko sillayen katako biyu, ɗaya mai tauri ɗaya mai laushi, ya riƙe gindinsu a ware, ya haɗe kawunansu. Mai laushin ya lanƙwaso gaba ɗaya, mai taurin ya ɗan rusuna kawai, mahaɗar ta tsaya can wajen mai taurin. Abin da ya faru da jirgina ke nan. Gefen hagu ya ƙi lanƙwasuwa, na dama ya bi shi. Tururi ya lallashe su na kwana biyu, da danshi ya fita kowa ya koma halinsa.

Da na dawo gida na buɗe abin da na rubuta ranar 19 ga Oktoba, ga shi nan da hannuna: hagu daga allon farko, dama daga na biyu.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na sayi ɗan sikelin nan na aljihu irin na masu sayar da zinariya, naira 6,500. Jimla ta koma 21,700.

Cikakken allo mai milimita 2, faɗi 10 tsawo 50, girmansa kiyubik santimita 100 ke nan, don haka lissafin ba wuya. Tunda na riga na yanki allunan, sai na fitar da sanda ɗaya daga kowanne, kaurin azara, tsawon allo, wato kashi ɗaya cikin hamsin na cikakken allo, na auna. Ta allon farko giram 0.38, ta na biyu giram 0.22. Wato allon farko da yana cikakke zai kai giram 19, na biyu 11. A ido kuwa launinsu kusan ɗaya.

Haka balsa take. Bishiya ce ta Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, mafi yawan wadda ake sayarwa a duniya daga Ekwado take fitowa, tana girma da sauri ƙwarai, ana sare ta tana 'yar shekaru kaɗan. Sunan ma kalmar Sifaniyanci ce ta gumaguman da ake ɗaurewa wuri ɗaya a haye ruwa a kansu. Wani allon yakan ninka wani a nauyi, tauri kuma yana bin nauyi. Wasu masu ƙera ƙananan jirage a ƙasashen waje kowane allo sai sun auna kafin su saya. Ɗalibin da zai yi samfurin bene da ita babu ruwansa da wannan, shi ya sa mai shago bai ware su ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na yi gwaji na biyu. Na danne sandunan a bakin tebur da littafi, kowacce ta leƙo waje da santimita 25, na rataya ƙusa mai giram 2 a bakin. Mai taurin ta sauka milimita 15. Mai laushin ta sauka 37. Na kira autana ya gani da idonsa.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Rushe aiki. Mahaɗan farin gam da ɗigon ruwan zafi suka saki, ɗaya bayan ɗaya. Na supa gulu sai da na aro ruwan goge janfarce, ina shafawa da tsinken auduga ina jira, a hankali ya saki. Gefen dama na ajiye shi gefe, ba zai koma ba. Gefen hagu lafiyarsa lau, sai dai tururi ya ɗan gantsarar da shi. Na jiƙa shi da ruwan ɗumi, na kwantar a kan taswira, na tokare da fil, na ɗora gilashin taga da littattafai a kai.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Gefen hagu ya kwanta shamɓal.

Na gyara bakin allon farko, na yanko sanduna bakwai a jere. Ko a allo ɗaya ma ba su zo daidai ba, na wancan bakin sun fi tauri. Na yi musu gwajin ƙusa, na zaɓi biyu daga kusa da inda na yanki azarar hagu tun farko, ɗaya ta sauka 15 ɗaya 16. Na ɗiga musu jan biro a kai. Gajerun tsaye kuwa daga allo mai laushi na yanka, don su ba sa lanƙwasa, nauyi kawai za su ƙara.

Na yi tunanin sake gefen biyu da mai laushin don jirgin ya fi sauƙin tashi, na fasa. Robar da aka murɗa tana jan hanci da wutsiya zuwa juna da ƙarfi, azara ce ke ɗaukar wannan jan. Bambancin nauyin bai wuce kwatan giram ba a gefe ɗaya. Na yarda in biya shi.

An gina sabon gefen dama a kan na hagu, da farin gam kaɗai.

Talata, 19 ga Nuwamba

Baba ya feƙe mini guntun falanki ya kwanta sumul, ya yanka mini 'yan katakai goma sha biyu masu kusurwa daidai. Ya ƙi karɓar ko sisi, na ba yaron shagonsa 500. Na ja layin tsakiya da rula, na manna zanen sama na taswira a kai, na kafa katakan bibbiyu, kowane biyu nisansu ɗaya daga layi. Jirgin zai zauna a tsakaninsu ba inda zai motsa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Haɗi na biyu. Na fara da mazaunin matuƙi, na bar shi awa uku. Kafin in matse wutsiya na goge cikin ƙarshen azara da samfefa ta yi gangare, don bakunan su haɗu a kwance ba tare da an tilasta su ba. Wancan karon ban yi haka ba. Na matse da maƙalin shanya, ban sa gam ba tukuna, na duba. Gefen biyu suka lanƙwaso tare, mahaɗar ta sauka a kan layi da kanta. Sai a lokacin na shafa gam.

Gicciye kuma bibbiyu na yanka su, na sama da na ƙasa tare, na sa su daga gaba zuwa baya. Wanda ya ɗan yi tsawo ban cusa shi ba, na rage shi. Gicciyen da aka cusa da ƙarfi yana ture gefe, nan ma karkata take farawa.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Na ciro shi. Wutsiya ba ta kai milimita 1 daga layi ba. Alhamdu lillahi.

Sai dai na gano wani abu da ban nema ba a baya. Na ɗora wayar ƙafar keke ɗaya a gicciye a mazaunin fiffike, ɗaya a mazaunin fiffiken wutsiya, na leƙa daga baya. Ya kamata su kwanta a jere, amma ta bayan ta ɗaga ta dama kaɗan. Wato akwatin ya murɗe. Katakan sun riƙe shi ta gefe, ba su riƙe shi ta sama ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba

A nan tururi ya yi amfani, don wannan murɗewar ba daga halin itacen take ba, zama ne bai daidaita ba lokacin da gam ke bushewa. Daƙiƙa 20 kacal, daga nesa, ina kallon mahaɗai. Na murɗa shi baya a hankali, na mayar cikin katakai, na sa ɗan siririn balsa a ƙarƙashin azarar da ke buƙata, na ɗora wayoyin ina dubawa har suka jeru.

Yana nan a ɗaure na sa masa sandunan kusurwa, sirara daga allon milimita 1, a kowane gurbi daga bayan matuƙi zuwa wutsiya, sama da gefuna, kowace tana kishingiɗe saɓanin ta gabanta. Murabba'i yana iya tuɗewa, mai kusurwa uku ba ya yi. Jikin Cub na gaskiya ma haka bututunsa suke. Amma duk siffar da suka tarar ita suke kullewa, mai kyau ko maras kyau, shi ya sa ban sa ko ɗaya ba sai da wayoyin suka jeru.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na juya shi na sa na ƙasa. Nauyin gangar jiki tsirara giram 4.6. In na murɗa shi da yatsu yanzu sai in ji ya ƙi.

Asabar, 7 ga Disamba

Takardar naɗe kyauta mai shara-shara, rawaya, 1,000. Gam ɗin sanda na 'yan makaranta 800. Sifirit 1,200. Jimlar kuɗin aiki zuwa yau naira 25,200.

Hunturu ya kankama, leɓe yana tsagewa, kuma na ji tsoron takardar. Ana fesa mata ruwa ne ta bushe ta ɗame, ɗamewar nan kuwa tana iya karkatar da jikin da na sha wahalar miƙewa. Don haka na fara gwadawa a kan tsohon gefen dama da na cire. Na manna masa takarda a fuska ɗaya, na fesa ruwa, na ajiye a tsakar gida. Kafin in gama alwala ya bushe ya gantsare kamar baka.

Saboda haka na manna takardar a jikin wani firam na katako, na fesa, ta bushe, na sake fesawa, ta bushe, don ta gama yawancin ɗamewarta a can. Takarda ma tana da jijiya: ta wani ɓangaren tana yagewa a miƙe, ta ɗayan a karkace. Ɓangaren da ke yagewa a miƙe shi zai bi tsawon jirgi, a dukkan fuskoki huɗu.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na rufe hagu da dama, sannan ƙasa da sama. Ban fesa wa kowace fuska ita kaɗai ba. Da aka gama duka, na zuba sifirit da ɗan ruwa a tsohuwar kwalbar turare, na fesa a iska na ratsa da jirgin ta cikin feshin, na mayar da shi cikin katakai. Na rufe ƙofa da taga, na ajiye kwanon ruwa a ɗakin don kada ya bushe da gaggawa.

Asabar, 14 ga Disamba

Kwana shida yana waje a kan kanta, yana shan iskar hunturu. Yau na auna: rabin milimita zuwa hagu, wayoyi a jere. Nauyi giram 5.9. Akwai 'yar tattara a takarda kusa da hanci ta dama, zan yanke wurin in sake.

Na soka tsinken gora a ramin baya inda roba za ta maƙale, na haɗa robobin ɗaure kuɗi guda huɗu na ja su zuwa hanci, na bar shi a haka tun azahar har isha. Bai motsa ba. Robar gaske ta fi wannan ƙarfi, wani abokina da zai dawo daga Ingila ƙarshen wata ya yi alkawarin taho mini da ita tare da farfelar inci 7.

Mako mai zuwa fiffike. Haƙarƙarinsa daga allon milimita 1 za su fito, na yanka kwali na siffarsu. Dogayen sandunansa kuwa cikin biyar ɗin da suka rage ranar 16 ga Nuwamba zan zaɓa, akwai biyu da suka sauka 13 da 13, na ɗaure su da zare na rubuta musu hagu da dama. Autana ya ce shi zai riƙa rataya ƙusa yana karanto mini lamba.